Kiɗan da ba shi da baki

 Duk wanda ya taɓa kwana a Tsarnawa ya san garinmu ba ya barci da wuri, domin a nan ne hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Birnin Ƙwanni take rabuwa biyu, ɗaya ta yi arewa ta nufi Tawa da Agadas, ɗaya ta miƙe gabas ta Malbaza da Galmi da Madawa har Maraɗi. Dare da rana manyan motoci suna tsaye, masu albasa suna ciniki, masu shayi suna hura wuta, kuma kowane tebur da rediyonsa. To, a cikin wannan hayaniya ne maƙwabtana suka yi shekaru suna jin wani baƙon kiɗa yana fitowa daga zaurena bayan sallar isha'i, har suka gaji da mamaki suka saba.

Wata rana wani dattijo ɗan kasuwa, abokin hirata, Allah ya jiƙansa, ya zauna ya saurara kusan rabin sa'a, sannan ya ce da ni: "Malam, wai yaushe za a fara waƙar?" Na ce masa: "Alhaji, ai an kusa ƙarewa." Ya yi shiru, ya sake cewa: "To, wa aka yi ma wannan kiɗan, kuma me ya bayar?" Na yi dariya na bar maganar, domin a ranar ba ni da amsar da zan ba shi. Yanzu da furfura ta cika mini kai, kuma shi ya riga mu gidan gaskiya, ina so in biya wannan bashi a gabanku, in faɗi su wa na fi so cikin masu tsara irin wannan kiɗa, da dalilin da ya sa.

Tambayar Alhaji ba ta jahilci ba ce. A wurinmu kiɗa yana da uban gida, kuma yana da magana. Narambaɗa da kotsonsa na Sarkin Gobir na Isa ne, Ɗan Anace na ƴan dambe da manoma, kalangu na mahauta, kuma ko ganga aka kaɗa babu waƙa, mai kunne ya san taken wanda take kira. Ni ma a kan wannan na tashi, kuma har gobe in na ji gogen Ɗan Gurmu na Tawa sai tsikar jikina ta tashi. Abin da Turawa suke kira sinfoni wani abu ne daban. Mutum ɗaya ne yake zama ya rubuta kiɗan a takarda, sauti bayan sauti, kamar yadda ake rubuta littafi, sannan a tara makaɗa tamanin ko ɗari su karanta su kaɗa, wani kuma ya tsaya a gabansu da ɗan sanda yana daidaita su. Fiye da rabinsu masu goge ne, manya da ƙanana, saura masu sarewa, da masu wata irin algaita mai sanyin murya, da masu ƙaho da kakaki na tagulla, da masu tambura. Galibi tafiyar zango huɗu ce, kamar ta fatake: zangon farko na ɗaura kaya da gardama, na biyu na tafiyar hankali, na uku mai kama da rawa, na huɗu na isa gida. Kuma a mafi yawansu babu mai buɗa baki ya ce uffan.

Ni ban je Turai ba. A shekarar 1979 ne wani abokina da muka yi lakwal tare ya komo daga karatun injiniya a birnin Leningrad na Tarayyar Sobiyet, ya kama aiki a Malbaza, ya zo da akwati cike da fayafayan garmaho na kamfanin Melodiya. Shi kansa ba su dame shi ba, arha ce ta sa ya saye su. Na ara, na kwafe su a kaset, na yi ta kashe kuɗin batir har uwargida ta fara ƙorafi. Bahaushe ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. To, tawa kurar ke nan.

Wanda ya fara buɗe mini ƙofa shi ne Dvorak, mutumin ƙasar Cek, wanda aka haifa a 1841. Ɗan mahauci ne, ubansa yana yanka yana kuma riƙe da masaukin baƙi a ƙauye, kuma har ya tsufa bai rabu da halin mutanen ƙauye ba: yana kiwon tattabaru, yana zuwa tasha don kallon jirgin ƙasa. A 1892 Amurkawa suka ɗauke shi da albashi mai tsoka don ya shugabanci makarantar kiɗa a Niyu Yok, wato shi ma cin rani ya tafi. A can wani ɗalibi baƙar fata mai suna Harry Burleigh ya riƙa rera masa waƙoƙin da bayi suka bari, har Dvorak ya fito a jarida ya ce in Amurka tana son kiɗa nata na kanta, to ta gina shi a kan waƙoƙin baƙar fata, maganar da ba ta yi ma mutane da yawa daɗi ba a wannan zamani. A ƙarshen 1893 aka fara kaɗa sinfoninsa ta 9, wadda ya yi ma laƙabi da ta Sabuwar Duniya. A zango na biyu, bayan masu ƙaho sun yi sallama a hankali, sai algaita guda ɗaya ta ɗauki wata murya mai sauƙi wadda ko yaro zai iya bi. Ranar da na fara jin ta, abin da ya faɗo mini a rai shi ne ƴan uwanmu na Adar da suke Abijan da Legas da Kumasi, waɗanda suke tara kuɗi da rana, da dare kuma su kwanta suna lissafin ko an yi shuka a gida. Dvorak bai cika shekara uku ba ya tattara kayansa ya koma ƙasarsu a 1895. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa yin salla a ƙasar wani zai gane wannan kiɗa ba sai an yi masa tafinta ba, kuma da shi nake ba kowa shawarar ya fara.

Akwai mutum biyu da nake girmamawa, amma ban sa su a sahun gaba ba. Na farko Bruckner, mutumin Ostiriya, ɗan malamin makaranta, shi ma ya fara da koyarwa a ƙauye inda ake haɗa masa da aikin gona. Mutum ne mai ibada, mai jin kunya, wanda mutanen birni suka raina. A 1877 da aka kaɗa sinfoninsa ta 3 a Biyana, jama'a suka riƙa ficewa tun ba a gama ba, har aka bar shi da ƴan tsiraru. Bai ga yabo na sosai ba sai a 1884, da ta 7, yana da shekara 60. Kiɗansa kamar ginin soro ne, tubali bisa tubali, yana tsayawa ya huta sannan ya ɗora, kuma in ba ka da haƙuri kada ka soma. Na biyu Mahler, wanda yana cikin ƴan samarin da suka tsaya har ƙarshe a wannan dare na 1877. Shi ma'aikaci ne kamarmu, ya shugabanci gidan wasan fadar Biyana daga 1897 zuwa 1907, ba ya samun rubuta nasa kiɗan sai lokacin hutu. Shi komi ya ji sai ya zuba a tukunya: kiɗan soja, ƙararrawar shanu, rawar ƙauye. Waɗanda suka yi lakwal za su yi mamaki in suka ji sinfoninsa ta farko, domin ya ɗauki waƙar nan ta yara, Frère Jacques, ya rage mata sauri ya mai da ita kiɗan rakiyar gawa. Gwani ne babu shakka, sai dai ni a wurina yana kama da kasuwar Ƙwanni ranar cinta: akwai komi, amma kana komawa gida da ciwon kai.

Wanda ya fi kowa kama ni, kuma ba don daɗi ba, shi ne Shostakovich na Rasha. A nan sai ku yi mini haƙuri in faɗi abin da ban taɓa faɗa a fada ba.

A 1984 damina ta ƙi. Najeriya kuma ta rufe iyakarta tun watan Afrilu na wannan shekara, ba ta buɗe ba sai 1986, shi ya sa mutane da yawa suka laƙaba ma yunwar sunan El Buhari. Mu da muke bakin iyaka mun san abin da rufewar ta jawo, domin hatsi ba ya shigowa a sarari, dabba kuma ba ta da daraja. A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishi, aikina shi ne in zaga ƙauyuka in dubo rumbuna, in rubuto abin da na gani. Na zaga, na ga rumbuna wayam, na ga gidajen da aka toshe ƙofarsu da ƙaya domin masu su sun yi kudu, na ga mata suna tonon gidan tururuwa. Na rubuta yadda na gani. Wanda yake sama da ni ya karanta, ya tura mini takardar ya ce: "Malam, wannan lissafi naka ya yi yawa, za a ce ba mu iya aiki ba. Je ka gyara." Zamanin soja ne, ina da mata da ƴaƴa huɗu, kuma na san inda ake tura mai taurin kai. Na koma na rage, na sa hannu. Babu wanda ya doke ni, babu wanda ya ɗaure ni, da hannuna na yi. Ƙauyuka biyu da na sauke daga sahun farko zuwa na biyu, har yau in mota ta bi da ni ta gefensu sai in kau da kai.

A waɗannan darare ne na riƙa sa sinfoni ta 5 ta Shostakovich, tun ban san labarinta ba. Daga baya abokina ya ba ni labarin, na kuma karanta. A farkon 1936 Stalin ya je kallon wani wasan kiɗa na Shostakovich, ya tashi bai gama ba. Bayan kwana biyu jaridar Pravda ta fito ta ce wannan ba kiɗa ba ne, hargitsi ne. A wannan ƙasa da wannan zamani, irin wannan magana tana iya zama sammacin mutuwa. Mutumin yana da shekara 29. Abokai suka guje shi, ya janye sinfoninsa ta 4 ana cikin gwaji, ba a kaɗa ta ba sai 1961. A 1937 aka harbe Marshal Tukhachevsky, babban sojan da yake tsaya masa, aka kuma kama wasu daga danginsa. Cikin wannan hali ya rubuta ta 5, aka kaɗa ta a Leningrad a watan Nuwamba na 1937. A zango na uku ya sa masu ƙaho da kakaki duka su yi shiru, ya bar goge da sarewa suna magana ƙasa-ƙasa, kuma waɗanda suka halarta sun ba da labarin mutane sun yi ta kuka a kujerunsu, domin kusan kowa a zauren akwai nasa da aka ɗauke da dare, kuma babu halin yin makoki a fili. Zango na ƙarshe kuwa sai tambura da kakaki, kamar hawan salla. Hukuma ta ji ta ce madalla, yaro ya tuba. Jama'a suka yi tafi fiye da rabin sa'a.

Har yau masana suna gardama a kan wannan ƙarshe, wasu sun ce murna ce ta gaskiya, wasu sun ce murnar dole ce. Ni dai da kunnena na yanke hukunci tun 1984. Ana maimaita sauti ɗaya, ana ta maimaita shi, kamar ana buga ƙusa, har sai ka ji murnar ta koma azaba. Na san wannan tafi, domin na yi irinsa a wurin tarbar manya. Abin da ya ɗaure ni da mutumin nan shi ne, shi ba jarumi ba ne irin na tatsuniya. Ya sa hannu a takardun da bai yarda da su ba, ya karanta jawaban da aka rubuta masa, a 1948 aka sake la'antarsa aka kore shi daga koyarwa, a 1960 ya shiga jam'iyya. Amma ya bar wuri ɗaya da bai yi ƙarya ba, kuma ya sami damar haka ne domin kiɗan ba shi da baki: ɗan sandan ciki ba ya iya kai goge gaban alƙali ya ce ga abin da ya faɗa. Ni ban bar ko wuri ɗaya ba a takardata. Saboda haka ba na jin sinfoni ta 5 don in sami sauƙi, ina jin ta ne don kada in manta. Kuma tun daga wannan shekara, har na bar aiki, ban sake rage lissafi don ran wani ya yi sanyi ba, ko da yake hakan ya sa na daɗe a matsayi ɗaya ƙannena suna wuce ni.

Kada in bar ku da tsoro kaɗai, domin mutumin yana da wata fuskar. Lokacin da sojojin Jamus suka yi ma Leningrad ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, yunwa ta kashe dubban ɗaruruwan mutane. A watan Agusta na 1942 aka kaɗa sinfoninsa ta 7 a cikin birnin. Makaɗan gidan rediyo da suka rage da ƙarfin ɗaga kayan kiɗa ba su wuce goma sha biyar ba, sai da aka nemo wasu daga cikin soja, aka ƙara musu abinci don su iya busa, aka kuma kafa lasifika har abokan gaba suna ji. Wanda ya ga 1984 da idonsa ya san abin da ake nufi da mai yunwa ya tashi ya busa ƙaho fiye da sa'a guda.

Na uku, wanda ya zama abokin tsufana, shi ne Sibelius na ƙasar Finlan, ƙasar sanyi da tafkuna da dazuzzuka, wadda ba ta da abin da ya yi kama da Adar. An ce a 1907 ya haɗu da Mahler suka yi muhawara: Mahler yana ganin sinfoni ta zama kamar duniya ta ɗauki komi, shi kuwa Sibelius abin da yake so shi ne tsari, kowane sauti ya tsiro daga wanda ya gabace shi. Da ina saurayi da na bi Mahler, yanzu kuwa ina bayan Sibelius. Yakan fara da ɗan abu kamar ƙwayar gero, ka yi ta bin sa ba ka ga lokacin da ya yi kara ya fid da kai ba. A watan Afrilu na 1915 ya ga wasu manyan fararen tsuntsayen ruwa guda 16 sun gitta bisa gidansa, daga nan ya samo muryar da masu ƙaho suke kaɗawa a ƙarshen sinfoninsa ta 5, tana lilo kamar fiffike. Ni in na ji ta, shamuwa nake gani ta sauka a kan tsamiya, manomi ya ɗaga kai ya san ruwa ya kusa. Kuma ya rufe ta da bugu shida, tsakanin kowane da ɗan uwansa akwai shiru, har baƙo yakan fara tafi tun ba a gama ba.

Sinfoninsa ta 7, ta 1924, zango ɗaya ce tak, minti ashirin da ƴan kai. Bayan 1926 bai sake fitar da wani babban aiki ba, alhali ya rayu har 1957, yana da shekara 91. Duniya ta yi ta jiran ta 8, manyan makaɗa suna aiko masa da wasiƙu, shi kuwa yana rubutawa yana sakewa, daga ƙarshe a shekarun 1940 ya tattara takardun ya zuba a murhun gidansa, kuma matarsa ta ce bayan haka hankalinsa ya fi kwanciya. Da na fara jin labarin na ce wannan asara ce. Yanzu da na ga ƴan kasuwar da suka ƙi sakin mabuɗin shago har suka rusa abin da suka gina, na ga manyan ma'aikatan da kujera ta fi musu mutuncinsu, sai na gane mutumin da ya auna kayansa ya ga ba su kai mudu ba, ya ƙi kai su kasuwa ko da sunansa kaɗai zai sayar da su, ya cancanci a cire masa hula.

Wani zai ce me ya haɗa Bahaushen Tsarnawa da kiɗan Nasara, ko namu ya ƙare ne? Namu bai ƙare ba, kuma ban musanya shi da na kowa ba. Sai dai namu ya fi ƙwarewa wurin faɗin abin da ake faɗa a gaban jama'a: asali, da kyauta, da jarumtaka, da zambo. Akwai kuma abin da mutum ba ya iya faɗa ko ga matarsa, kamar kewar gida ga namiji mai gemu, ko kunyar sa hannun da ya yi shekara arba'in da suka wuce, ko sanin cewa lokacinsa ya wuce. Waɗannan su ne na tarar an ajiye mini a cikin kiɗan da babu waƙa, domin inda babu kalma, kai ne kake zuba taka.

Kasusuwan nan nawa sun daɗe da shaƙewa da ƙurar hunturu, yanzu jikana ne yake sa mini kiɗan a cikin salula, kuma abin da na sha wahalar kwafewa dare da rana yana samo shi kafin shayi ya tafasa. Saboda haka wanda yake so ya gwada ba shi da uzuri. Ya fara da zango na biyu na Dvorak, minti goma sha biyu ne, bayan isha'i, ya ajiye lissafin kasuwa, kada ya jira a fara waƙa. In ya ji wani abu, to madalla, in kuma bai ji ba babu laifi, abincin wani gubar wani.

Amsar Alhaji kuwa, wadda na riƙe masa shekaru, ita ce: kiɗan nan ba a yi ma kowa shi ba, shi ya sa ya zama na duk wanda ya zauna ya saurara, kuma abin da ake biya shi ne haƙurin sa'a guda. Na so a ce na faɗa masa tun yana zaune a kan tabarmata. Allah ya gafarta masa, ya gafarta mana abin da muka sa ma hannu da wanda muka yi shiru a kansa. Sai wani mako, in Allah ya kai mu.